Wa Zai Riƙe Hannuwan Musa?

Karatu: Fitowa 17:8-13, Galatiyawa 6:2



Zan fara da laifin kaina. Akwai wata 'yar'uwa a ekklesiyarmu wadda ba ta fashin sujada, ita ce kuwa takan ɗaga waƙa a zumuntar mata. Sai muka daina ganinta, wata ɗaya, wata biyu, har wata huɗu. Na ce a raina ta yi sanyi cikin bangaskiya, na ɗauki Littafi Mai Tsarki na tafi in yi mata faɗa. Da na yi sallama na iske ta a bakin rijiya tana wankin zannuwan shimfiɗa, idanunta sun yi ja don rashin barci. Uwar mijinta tana zaune bisa tabarma. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Malam, gara da ka zo. Yarinyar nan ta sace mini kuɗi, tun jiya kuma ba ta ba ni abinci ba." Ga kuwa kwanon tuwo a gabanta, ta ci rabi. 'Yar'uwar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ba ƙin ɗakin sujada na yi ba. In na fita, sai Inna ta kama hanya, wai za ta gidan ubanta, shi kuwa ya rasu tun ba a haifi maigidana ba. Wa zan bar wa ita?" Na rasa amsa. Faɗan da na ɗauko sai ya komo kaina, gama wata huɗu ke nan tumkiya tana nishi, makiyayi bai sani ba.

Wane irin ciwo ne wannan?

Mu Hausawa mukan ce gigin tsufa, waɗansu su ce cutar mantuwa. Amma tsufa kaɗai ba ya kawo shi, gama ga tsofaffi da yawa masu shekara 90 da hankalinsu garau. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana cinta kaɗan kaɗan kamar yadda gara take cin azara. A shekara ta 1906 wani likita na ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani cikin ƙwaƙwalwar wata mace da ta mutu da wannan ciwo, shi ya sa ake kiran babban irinsa da sunansa. Wani irin kuma yakan biyo bayan shanyewar jiki, ko lalacewar jijiyoyin jini saboda hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 57 masu fama da shi a shekara ta 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa wadata irin namu. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen jiyyarsu, mata ne suke ba da shi.

Saboda haka kada mai bi ya ce maita ce, ko sammu, ko alhakin wani ne ya kama tsohuwa. A Gambaga ta arewacin Gana akwai zango inda matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita suke fakewa. Kada irin wannan kora ta fito daga gidan Kirista. Ku tuna da makahon nan na Yohanna 9: almajirai suka nemi wanda ya yi zunubi, Ubangiji ya kau da zancen zunubi, ya yi masa jinƙai. A kai tsoho asibiti, gama wani ruɗewar daga zazzaɓi yake, ko ciwon mafitsara, ko maganin da bai karɓe shi ba, irin wannan kuwa yana warkewa. Ainihin ciwon dai har yanzu ba a sami maganin da yake kawar da shi ba, amma likita yana iya rage wahala. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Dutse da mutum biyu

Yanzu mu duba karatunmu. Amalekawa suka tasar wa Isra'ila a Refidim. Joshuwa yana yaƙi a kwari, Musa yana bisa tudu da sandan Allah. Muddin hannunsa yana sama Isra'ila suna rinjaye, in ya sauke sai Amalekawa su rinjaya. Amma Musa mutum ne, hannuwansa suka gaji. Ku lura, Haruna da Hur ba su yi masa wa'azin haƙuri ba, ba su kuwa ce bangaskiyarsa ce ta kasa ba. Abu uku suka yi.

Na fari, suka kawo dutse ya zauna. Mai jiyya yana bukatar wurin hutawa. Ciwon nan yakan tsananta da maraice, tsoho ya tashi da dare yana neman ƙofa, mai jiyya ta kwana ido biyu, gari ya waye ga girki ga wanki. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya fara ba shi abinci da barci kafin ya yi masa magana (1 Sarakuna 19). In za ka gaida irin wannan gida, kada ka tafi da baki kaɗai. Tafi da ƙwaryar hatsi, ko sabulu, ko itacen wuta. Ka ce, "Je ki kwanta, ni zan zauna da Inna."

Na biyu, mutum biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku maza, umarnin girmama uba da uwa ba a kan matanku kaɗai ya sauka ba. Uwarka ce, ita ta goye ka. Ku da kuke birni, aika kuɗi yana da kyau, amma ku zo ku kwana bakwai ku ɗanɗana, kada ku zo yini ɗaya ku ji ƙarar tsohuwa ku ɗora wa mai jiyya laifi. Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timoti 5:8 a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Ubangijinmu ma yana bisa gicciye ya danƙa uwarsa a hannun Yohanna.

Na uku, suka riƙe har faɗuwar rana. Zazzaɓi na kwana uku ne, kowa yakan zo gaisuwa. Wannan ciwo kuwa yakan kai shekaru, masu gaisuwa su gaji su ɗauke ƙafa. Don haka sai ekklesiya ta shirya abin da tsari, kamar yadda manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai saboda gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). A wurinmu dattawa suka rubuta sunaye: kowace Lahadi mace ɗaya takan zauna da tsohuwar, samari suna ɗebo ruwa, aka yi wa rijiya murfi, aka ɗinka takarda mai lambar waya a zanenta. Mukan kai mata Jibin Ubangiji har gida.

Gare ki, mai jiyya

Kada ki yi gardama da mai ciwon nan. In ta ce za ta gidan ubanta, kada ki ce ya mutu, gama za ta yi makoki sabo ful. Ce mata ta ba ki labarinsa, ki kawo mata kunu. In ta zage ki, ciwo ne yake magana. Ki kawar da wuƙa da ashana da kananzir. Lokacin ci da na wanka su zama ɗaya kullum. In kin yi fushi kin ɗaga murya, ki roƙi gafara ki tashi, kada Shaiɗan ya ce miki ke ba Kirista ba ce. Neman taimako kuma ba abin kunya ba ne, Musa ma an riƙe masa hannu.

Wata rana 'yar'uwar ta tambaye ni da hawaye, "Baba, in Inna ta manta da Yesu fa?" Na ce mu gwada waƙa. Muka ɗaga wata tsohuwar waƙar sujada, sai tsohuwar da ba ta san sunan ɗanta ba ta bi mu baiti baiti har ƙarshe. Ko da waƙar ma ta ɓace mata, cetonmu bai rataya ga ƙarfin tunaninmu ba. Allah ya yi alkawari a Ishaya 46:4 zai ɗauki mutanensa har furfura, a sura 49 kuma ya ce ko uwa ta manta da jaririnta shi ba zai manta da nasa ba.

Ya mai karatu, wa ya ɓace daga bencin ekklesiyarku? Kafin ka yanke masa hukunci, je ka ga abin da yake ɗauke da shi. A makon nan zaɓi gida ɗaya, ka zama Hur.

Ya Uba, ka ƙarfafa hannuwan da suka gaji, ka ba tsofaffinmu salama, ka gafarta mana sakacinmu, sabili da Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.