Ku ne Ƙartin Sahun Gaba

A wasan ƙwallon Amurka akwai wasu ƙarti da ke tsayawa a sahun gaba. Sukan durƙusa, hannu dafe da ƙasa, ido cikin idon abokan karawa, da an saki ƙwallo sai a gwabza ƙirji da ƙirji. Akan yi wasa a tashi ɗayansu bai taɓa ƙwallon ba, tafi kuma ya tafi ga wanda ya ruga da ita. Amma duk ƙungiyar da sahunta ya yi sanyi, ta sha kashi tun ba a je ko'ina ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙarti shi ne Amobi Okoye, ɗan Najeriya, wanda aka haifa a jihar Anambra a 1987. Yana ɗan shekara 12 ya koma birnin Huntsville na jihar Alabama. Lokacin da ya shiga ƙungiyar makarantar sakandaren Lee bai san kan wasan ba, abokan karatunsa kuma duk sun girme shi. Ya duƙufa, ya koya daga tushe. Yana ɗan shekara 16 ya fara taka leda a Jami'ar Louisville, bai kuma yar da littafi ba: cikin shekara uku da rabi ya kammala digiri kan halayyar ɗan Adam. A 2007 ƙungiyar Houston Texans ta ɗauke shi a matsayi na 10 cikin zaɓaɓɓun shekarar, yana ɗan shekara 19 kacal.

'Yan'uwana ma'aikatan ƙasar Daura, ku ne sahun gabanmu! Kai ɗan dako da ke saɓa buhun gero ranar kasuwar Mai'aduwa, gumi na tsiyaya ta gammo. Kai birkila da siminti ya tsattsaga wa tafin hannu. Kai manomin rani da ke bin ruwan Sabke kwami-kwami. Ke uwa da ke hura wutar ƙosai tun kafin kiran assalatu. Ku leburorin da ke shimfiɗa layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya tsaya a Daura, ba lalle a ambaci sunayenku ba, amma a kan guminku zai bi.

Don haka kada kowa ya raina sana'arsa, kada kuma ya bari a raina masa ita. Ku inganta aiki, ku nemi haƙƙinku da kai a ɗage. Sannan ku ɗauki darasin Amobi Okoye, wanda ya haɗa ƙarfin damtse da karatu. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya, duk a ƙofar gida. Ɗan mai turin kura daga Zango, Baure ko Sandamu yana da gurbi a cikinsu, in an tsaya masa.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. A ɗaura ɗamara, a riƙe sahu, kowa ya tallafi na kusa da shi. Allah ya sa albarka a guminku, ya ɗaukaka 'ya'yanku!