Kifin da Ke Shayar da 'Ya'yansa

A kogunan Amazon, tsakanin ƙasashen Birazil da Peru da Kolombiya, akwai wani kifi da ake kira diskus. Jikinsa faffaɗa ne, zagayayye kamar faifai, girmansa kamar buɗaɗɗen hannun babban mutum. Johann Jakob Heckel, masanin kifi ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1840, daga kifayen da aka kamo a kogin Rio Negro. Dangi ɗaya yake da karfasar da muke soyawa, sai dai shi babu mai kiwonsa don tukunya. Don kallo ake ajiye shi a tankin gilashi, cikin ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, har masu sha'awar abin suna yi masa kirari da sarkin tanki.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne renonsa. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka fara iyo, sai su yi dafifi a jikin iyayensu suna tsinkar wani yauƙi da fatar iyayen ke fitarwa. Uwa da uba duka suna bayarwa. Idan ɗaya ya gaji sai ya girgiza jiki ya watsa su wajen ɗayan, kamar yadda uwa ke miƙa goyo idan bayanta ya ƙage. Haka ake yi har mako uku zuwa huɗu, sannan iyayen su fara guje musu, wato yaye. Masana sun gano cewa yauƙin nan ya wuce abinci kawai, yana ɗauke da sinadaran kariya daga cuta, kusan irin aikin da nonon farko ke yi wa jariri.

To, ta yaya ɗan kifi da bai kai ƙwayar shinkafa ba yake gane iyayensa a cikin ruwa? Diskus na kogi yana da ratsi tara baƙaƙe da suka sauko daga bayansa zuwa cikinsa. Idan ya tsorata ko ya fusata sai ratsin su yi duhu, idan hankalinsa ya kwanta sai su dusashe. Da su yake magana da 'yan'uwansa, da su yake ɓuya cikin rassan bishiyoyin da suka nutse. A lokacin reno kuwa, iyayen kan yi duhu gaba ɗaya, 'ya'yan kuma duhu suke bi.

Daga nan ɗan Adam ya shigo. A ƙarni na 20 masu kiwo irin su Jack Wattley a Amurka da Eduard Schmidt-Focke a Jamus suka duƙufa wajen fitar da sababbin launuka, daga baya sana'ar ta bunƙasa a Tailan da Singafo da Penang ta Malesiya. Hanyar ba ta da wuyar fahimta: ka duba 'ya'ya ɗari, ka ware 'yan kaɗan da launinsu ya fi burge ka, ka haɗa su barbara, wani lokaci ɗan'uwa da 'yar'uwa ko uba da 'yarsa, ka maimaita shekara da shekaru. Sauran da ba a zaɓa ba akan sayar da su da araha, ko a hallaka su. Da haka aka samu shuɗi tsantsa, da ja kamar garwashi, da fari fat. A farkon shekarun 1990 wani iri ya fito daga Tailan ya game duniya, sunansa da Turanci na nufin "jinin tattabara". Ba shi da ratsi ko ɗaya, jikinsa kuma ba ya yin duhu kamar na kakanninsa.

Sai aka wayi gari 'ya'yan irin waɗannan kifaye masu haske sukan sha wahala kafin su gane iyayensu. Mai kiwo yakan rage ruwan tankin, ya cire duk wani abu mai duhu, don kada ƙananan su bi bututun ruwa su bar uwarsu. Wasu ma ba sa jiran wannan wahalar. Sukan kwashe ƙwan tun farko, su reni 'ya'yan a kwano da gwaiduwar ƙwan kaza da aka shafa a gefensa, dabarar da Wattley ya yi suna da ita. Tana sa a samu 'ya'ya da yawa, don iyayen da aka raba da reno sun fi saurin sake yin ƙwai.

Shin laifi ne mutum ya zaɓi iri? Idan muka ce laifi ne, to mun tuhumi kakanninmu. Jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, da tumakin Balami, da shanun Azawak da Gudali, duk hannun makiyayi ne ya kai su ga kamannin da muka sani, tsara bayan tsara. Babu wanda ya taɓa ganin zunubi a ware bijimi mai kyau don garke. Amma makiyayi yana da linzamin da ba shi ya sa wa kansa ba. Saniyar da ba ta shayar da maraƙinta asara ce gare shi, haka wadda ba ta iya tafiyar rani. Buƙatarsa da lafiyar dabbar hanya ɗaya suke bi, ko yana da tausayi ko ba shi da shi. Mai tankin gilashi ba shi da wannan linzamin. Idonsa kaɗai yake biya wa buƙata, kuma duk abin da kifin ya rasa, inji da magani da gwaiduwa za su cike gurbinsa. Kuskuren da daji zai hukunta a tsara ɗaya, tanki zai ɗauke shi shekara talatin ba a ji ko tari ba.

Masu kiwon tattabara sun san wannan labarin tun kafin a san diskus a Turai. Tattabara ma tana ɗura wa 'ya'yanta wani abu mai kama da madara daga maƙoƙonta, uwa da uba duka. Turawa suka yi ta gajarta bakin wasu tattabarun ado har suka kasa ciyar da 'ya'yansu, sai an sa ƙwansu a ƙarƙashin tattabarar gida ta reni mata. Babu wanda ya zauna ya ce bari in raba uwa da ɗanta. Kowa gajeren baki yake so, sauran ya biyo baya. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro a lamarin, domin mugunta ana iya ganinta a hana, amma sha'awa mai kyakkyawar niyya wa zai tsawata mata?

Kada dai mu yi wa masu kiwo rashin adalci. Kifin da aka haifa a tanki ya fi jure ruwan famfo da abincin gwangwani, ba ya firgita da inuwar mutum. Duk wanda aka saya daga Penang, ɗaya ne da ba a tsamo daga kogi da dare da tocila ba, ba a kuma ɗaure shi a leda ya yi kwanaki a hanya zuwa Manaus ba. Wannan hujja ce mai nauyi. Sai dai ita ma tana da bayanta. A yankin Barcelos, a bakin Rio Negro, iyalai da yawa da kamun kifin ado suke ci, kuma tun 1991 wani shiri mai suna Project Piaba yake jan hankali cewa mutumin da kogi ke ciyar da shi ba zai so a sare dajin da ke kare kogin ba. Idan kasuwa ta koma gonakin Asiya kacokan, masuncin nan zai nemi abinci a wani wuri, wuraren da suka rage kuwa su ne katako da haƙar zinariya da ƙone daji don noma. Ashe ko barin kifin a koginsa ma ba lallai ya zama alheri gare shi ba.

Mu dai inda muka tsaya shi ne, dabbar da muka tsare amana ce a hannunmu, kuma amana ba ta ƙare a ci da sha. Wanda ya karɓi ajiyar abu ya kamata ya san me ya sa abin ya zama abin da yake. Diskus ya zama diskus ne da renonsa da ratsinsa kafin launinsa. Mai kiwon da ya zaɓi shuɗi mai kyau, ya kuma ƙi ajiye iyayen da ba sa reno komai kyansu, yana kan tafarkin makiyayi, kuma akwai irinsu a cikin masu wannan sha'awa. Wanda ya ga 'ya'ya suna bin baƙin bututu suna barin uwarsu, bai ga komai ba sai matsalar da za a gyara da farin fenti, ya mai da mai rai kayan ado, ko da bai taɓa barinsa da yunwa ba.

Su kansu masu kiwon sukan koma kogi. Idan iri ya daɗe ana haɗa shi da jininsa, sai a fara ganin ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa, da 'ya'ya masu karkataccen jiki ko gajeren marfin kunne. Maganin da suka sani shi ne a sayo na daji daga Tefé ko Alenquer, da tsadarsa, a haɗa shi da na gida don a sabunta jini. 'Ya'yan farko da yawansu sukan fito da ratsin nan tara a jikinsu, ƙarfafa, masu ci. Mai kiwo sai ya ɗauki 'yar komarsa ya tsaya a gaban tanki, yana neman waɗanda ratsinsu ya fi dusashewa.