Kada Ka Ɗauki Kayan Gobe a Yau

Wataƙila ba ka daɗe da shiga hanyar Yesu Kristi ba, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna, kana tambaya. Mun sani akwai abin da ya ke hana ka barci. Kana cewa a ranka, Idan dangina sun ƙi cin tuwo tare da ni fa? Idan masu-ciniki sun bar rumfata fa? Idan ciwo ya kama yarona, ina zan sami kuɗin magani? Lalle waɗannan kaya ne masu-nauyi. Amma ka lura, yawancinsu kayan gobe ne.

Ka tashi daga Sabon Gari ran Jumma'a, ka shiga kasuwar Wudil, ka dubi 'yan dako. Kowannensu ya kan ɗauki buhu ɗaya, ya kai, ya sauke, kana ya komo ya ɗauki wani. Da wani zai ce sai an ɗora masa kayan yini duka gaba ɗaya, har da na Jumma'a mai-zuwa, da wuyansa ya karye tun bai yi taki uku ba. Hakanan mutumin da ya ke tara tsoron gobe da na jibi a kan aikin yau. Allah ya kan ba da ƙarfin kowace rana a cikin ranarta. A Fitowa sura 16, sa'anda ya ciyad da Isra'ilawa da manna a jeji, rabon yini ɗaya su ke tsinta, sai fa jajiberen Asabar. Waɗanda suka ɓoye saura don rashin amincewa suka iske ya yi tsutsa da safe. Ubangiji kuma, a Matta sura 6, ya sa almajiransa su dubi tsuntsaye, domin su gane Uban da ya ke kula da su ba za ya manta da 'ya'yansa ba.

Kada ka ce wannan koyarwar ragwanci ce, gama zomo ba ya kamuwa daga zaune. Manomi ba shi da iko bisa gajimare, duk da haka da faɗuwar ruwan shuka sai ya fita da irin geronsa, ya shuka, ya yi noma, ya yi maimai. Aiki nasa ne, ruwa na Allah. Ka yi naka, ka bar wa Allah nasa.

Farinciki na mai-bi kuwa ba daga cikar rumbu ya ke fitowa ba. A Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala, aka sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna addu'a, suna raira yabo. Daga baya Bulus yana ɗaure ya rubuta wa mutanen garin nan wasiƙa, yana ta gargaɗe su su yi murna cikin Ubangiji.

A ƙasarmu ma an ga irin wannan bangaskiya. A shekara ta 1893 samari uku, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kawo Bishara arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya mai da shi. Wa zai ga laifinsa da ya daina? Amma bai fid da zuciya ba, har abokan aikinsa suka zauna a Patigi a 1902. Daga wannan ƙaramin iri ikilisiyar ECWA ta tsiro a 1954. Su biyun da aka binne ba su ga girbi ba, amma shukarsu ba ta ɓace ba.

To, ga yadda za ka bi yininka. Da asuba, kafin ka yi magana da kowa, ka karanta kaɗan daga Littafi Mai-tsarki, wanda muna da shi duka cikin Hausa tun 1932. In ba ka iya karatu ba, ka roƙi wani ɗan'uwa ya karanta maka. Ka ambaci alheri uku da Allah ya yi maka jiya, ka gode. Sa'an nan ka faɗa masa abin da ka ke tsoro da sunansa, ka bar shi a wurinsa. A kasuwa ka auna da mudun gaskiya. Ka riga maƙwabcinka gaisuwa, ko Musulmi ne ko Kirista. Iyayenka, ko sun yi fushi da kai, ka durƙusa ka gaishe su, ka kai musu abin da hannunka ya samu. Wanda ya zage ka, ka amsa masa da taushi. Ran Lahadi kada ka rasa taron masu-bi, gama itace ɗaya ba ya riƙe wuta.

Da dare ya yi, ka sauke kayanka. In ka yi kuskure, ka tuba, ka karɓi gafara saboda Yesu wanda ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka kwanta. Wanda ya riƙe ka yau, shi za ka iske gobe da safe. Allah ya ba ka salamarsa. Amin.