Kunyar Miyar Ganye

Daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da damina ta zauna sosai, da wuya a shiga wani gida a ƙauyukan Filato, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa, ba a ga ɗan lambu a bayan ɗaki ba. Ga alayyafo, ga rama da yakuwa, kuɓewa ta soma fure, kabewa ta hau danga tana neman rufin ɗaki, gauta da barkono kuma suna gefen rijiya. Uwargida takan fita da ƙwarya da hantsi, kafin ruwan tukunya ya tafasa ta dawo da kayan miya. Amma duk da wannan yalwa, akwai wata magana da ake yawan ji a gidajen masu bi idan baƙo ya sauka, musamman idan baƙon fasto ne ko suruki. Za a ajiye kwano, a durƙusa, a ce, "Baba, a yi mana haƙuri, yau miyar ganye ce kawai." Wato ana neman gafara saboda abincin da Allah ya shayar da ruwan sama, hannun mutanen gidan ya nome, aka kuma tsinko shi ɗazu-ɗazu. Ya kamata a tsaya a yi tambaya: shin akwai abin kunya a cikin wannan kwano, ko kuwa kunyar ce take bukatar a bincike ta?

Kunyar nan tana da asali, ba kuwa daidai ba ne a yi mata dariya. Tsofaffi suna tune da cewa Yuli da Agusta su ne watannin da rumbu yake ƙarewa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. A irin wannan lokaci ne ake dafa tafasa da rama a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, a ci a sha ruwa a kwanta. Wanda ya girma a haka, ganye ya zauna a zuciyarsa a matsayin abincin yunwa. Da ya yi makaranta ya sami aiki a Jos ko Kaduna ko Abuja, abu na fari da yake so ya nuna wa kansa da danginsa shi ne ya rabu da wancan zamani. Sai ya shafe tsakar gida da siminti har bango, ya sayi tumatirin gwangwani da ɗanɗanon kanti, ya ɗauka cewa duk abin da ba a biya kuɗi a kansa ba, ba shi da daraja. A hankali farashi ya zama ma'aunin martaba, har yaran da aka haifa a birni suka koyi yatsine fuska ga gwaten acca da kakarsu ta cika da ganye.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda ta fi wannan nauyi, domin daga kyakkyawar zuciya take fitowa. Mai gida yana so ya girmama baƙonsa, girmamawa kuwa takan bukaci mutum ya ba da abin da ya ji a jikinsa. Littafi Mai Tsarki bai raina wannan ba. A Farawa sura 18, da baƙi uku suka sauka wa Ibrahim a Mamre, ya ruga garke ya zaɓi maraƙi mai kyau, Saratu kuma ta toya gurasa. A misalin da Ubangiji Yesu ya bayar a Luka sura 15, uban ya sa aka yanka kiwataccen maraƙi ranar da ɗansa ya komo. Saboda haka matar da ta kama kazarta guda ɗaya ta yanka wa mai bishara ba ta yi wauta ba, ta yi abin da iyaye suka koya mata, Nassi kuma ya san da irinsa.

Sai dai a lura da abu guda. Ibrahim daga garkensa ya ɗauko maraƙin, bai aika yaro wurin mahauci ya karɓo bashi ba. Darajar abin da ya ajiye a gaban baƙinsa ita ce nasa ne, ya yi kiwonsa, ya kuma bayar da hanzari da murna. Idan wannan ne ma'auni, to, kuɓewar da aka shuka a watan Mayu, aka yi mata noma sau biyu, aka kare ta daga awakin maƙwabta har wata biyu kafin ta ba da 'ya'ya, ita ma ta ci wa mai ita wani abu. Ta ci ƙarfi, da lokaci, da ciwon baya. Kuɗi ne kaɗai ba ta ci ba. Wanda ya ce wannan kyauta ba ta kai ta kilon nama ba, ya yarda ke nan cewa gumin matarsa bai kai takardar naira daraja ba, ko da bai faɗa da baki ba.

Abin da kunyar nan take jawowa kuwa ba ƙarami ba ne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin abinci ya yi ta hawa, har a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali, gidan da ya ɗaura wa kansa dokar cewa ba za a ga tukunyarsa babu nama ba, dole wani abu ya sha wuya: kuɗin makaranta, ko maganin tsohuwa, ko zaman lafiyar miji da mata. Dattawan ikkilisiya da suke zaman sulhu sun san yadda kuɗin cefane yake yawan zama mafarin faɗa. Karin Magana 15:17 ta auna waɗannan gidaje biyu tun da daɗewa, ta ɗora akushin ganye a gidan da ake ƙaunar juna bisa naman sa a gidan da ake gaba. Marubucin bai ce ganye ya fi nama daɗi ba. Ya san nama ya fi tsada, ya kuma fi jan ido, shi ya sa kwatancin yake da ƙarfi. Abin da ya nuna shi ne akwai farashin da bai kamata a biya domin nama ba.

A nan ne ake bukatar hattara, domin aya mai kyau takan faɗa hannun marowaci. Akwai magidancin da albashinsa ya isa ya sayi ƙwai da kifi, amma ya bar iyali da ganye safe da yamma, shi kuwa ya tsaya wurin mai tsire a hanyar dawowa. Irin wannan ba shi da rabo a cikin ayar nan, gama sharaɗinta ƙauna ce. Haka kuma akan ɗauko labarin Daniyel da abokansa uku, waɗanda suka roƙi a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa a fadar Babila, a mai da shi kamar dokar cin abinci. Damuwar Daniyel ita ce kada ya ƙazantar da kansa da abincin sarki, batun aminci ga Allah ne a baƙuwar ƙasa. Allah ya halatta wa Nuhu da zuriyarsa nama a Farawa sura 9, Manzo Bulus kuma a Romawa sura 14 ya hana mai cin kome da mai cin ganye kaɗai su raina juna. Yaro mai girma da mace mai ciki suna bukatar abin gina jiki, ganye shi kaɗai ba zai wadatar da su ba. Abin godiya shi ne wake, da gyaɗa, da waken soya, da daddawa, da ƙwan kajin gida duk suna cike wannan gurbi ba tare da an je mahauta ba. Miyar taushe da aka yi da kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, cikakken abinci ne idan aka haɗa da tuwo.

Likitoci ma suna bayan lambun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, abin da gidaje da yawa masu nama a tukunya ba sa kaiwa. Koren ganye yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin da jiki yake mayarwa bitamin A domin lafiyar ido. Amma riƙon amana bai ƙare a bakin lambu ba, yana bin ganyen har cikin tukunya. Bitamin C ba ya jure dogon dahuwa, yakan kuma bi ruwan da aka tsiyaye aka zubar. Kanwar da ake jefawa domin ganye ya yi laushi ya tsaya kore tana lalata wani ɓangare na bitamin ɗin. Gara a wanke ganye kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshe, a sauke da sauran korensa. Ɗan manja ko man gyaɗa yana taimakon jiki ya karɓi bitamin A, tumatir ko ɗan lemun tsami kuma yana taimakonsa ya karɓi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa nan da nan bayan abinci yana rage shi. Rama da yakuwa dole a ɗan tafasa su a rage tsami, wannan kowace mai girki ta sani, sai dai daidai ruwa daidai tsaki. Mai lambun gida yana da wata riba kuma da ba a saye a kasuwa: ya san ruwan da ganyensa ya sha, ya san ko an fesa masa magani, da ranar da aka fesa.

Abin mamaki ne cewa jama'ar Isra'ila, sa'ad da suka gaji da manna a jeji, ba nama da kifi kaɗai suka yi kukan rashinsu ba. Littafin Ƙidaya sura 11 ya nuna har da kankana da albasa da tafarnuwar Masar suka tuna. Mutum ba ya sanin darajar kayan miya sai ya rasa. An ga haka a 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a arewacin ƙasar nan, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Iyalan rikici ya raba su da gonakinsu na nesa su ma sun sani. Da yawa daga cikinsu abin da suka shuka a jikin katanga, ko a cikin buhu da tsohon bokiti, shi ne ya riƙe tukunyarsu. Tun 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kira jama'a su noma kowane fili da ke kusa da gida a ƙarƙashin shirinta na ciyar da ƙasa, makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa kuma sun daɗe suna haɗa karatu da gona. Ilimin yana nan, sha'awar ce ta yi sanyi.

Duk da haka, kada a ɗauka lambu abu ne mai tsarki a kan kansa. Lambun kayan miya mafi shahara a Tsohon Alkawari shi ne wanda ba a taɓa shukawa da albarka ba. A 1 Sarakuna sura 21, Sarki Ahab ya nemi gonar inabin Nabot a Yezreyel domin tana kusa da fadarsa, yana so ya mai da ita lambun ganye. Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa, Yezebel ta shirya shaidun ƙarya, aka jajjefe shi, annabi Iliya kuma ya tarye sarkin a cikin gonar da hukunci. Saboda ɗan wurin shuka kayan miya aka zub da jini. Wannan labari bai yi nisa da unguwannin yau ba, inda ake matsa iyaka da taku biyu cikin filin gwauruwa, ko a hana ɗan haya shuka ko da kuɓewa layi ɗaya alhali mai gida ya bar wurin ga ciyawa. Akwai kuma tambayar wanda yake yin aikin. A yawancin gidaje mace ce take shuka, ta yi ban ruwa, ta cire ciyawa, ta tsinko, ta dafa, bayan aikin babbar gona da reno. Aikin nome gonar Aidan da kiyaye ta kuwa, bisa ga Farawa sura 2, Adamu aka fara danƙa wa. Magidancin da yake yabon miyar ɗanyar kuɓewa amma bai taɓa riƙe fartanya a bayan ɗakinsa ba, ko ya karɓe kuɗin ganyen da matarsa ta kai kasuwa, yana da abin da zai gyara kafin ya yi addu'ar godiya a kan abincin.

Lambun damina yana da wata ɗabi'a da take gwada zuciyar mai shi: ba ya jira. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, idan aka bar shi ya yi kai. Kuɓewar da ba a tsinka yau ba, jibi ta ƙosa ta zama itace. A watan Agusta ƙaramin lambu yakan ba da fiye da abin da gida ɗaya zai iya ci, ba kuwa a ajiye shi a banki. Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 19, ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kalar girbinsa domin matalauci da baƙo, ta haka ne Rut da surukarta Na'omi suka rayu a Baitalami. Ba a bar wannan ga ganin damar mai gona ba, hakkin matalauci ne. A gari kamar Jos ko Lafiya, mai kala na yau shi ne malamin makaranta da ke zaune a ɗaki ɗaya na haya, ko ɗalibi, ko iyalin da suka gudo daga ƙauye. Ba za su shigo lambun wani su tsinka ba, kunya ba za ta bar su ba, sai dai a aika yaro da ƙwarya.

Sauran da ya ragu bayan an ci an raba, hanyarsa sananniya ce. A yanka kuɓewa a shanya, a busar da yakuwa da zogale a inuwa inda iska take ratsawa, domin rana mai zafi tana cinye korensu da amfaninsu, a ajiye a mazubi mai murfi saboda rani. A bar 'yan tsirrai mafi ƙarfi su ƙosa domin iri. Ƙungiyar Zumuntar Mata a kowace majami'a za ta iya keɓe rana ɗaya bayan godiyar kaka a yi musayar iri, wadda take da irin rama ta ba wadda take da na kabewa. Majami'u da yawa kuma suna da fili a bayan gidan fasto ko gefen makaranta, wanda ake biyan kuɗi kowace damina a sare ciyawarsa. Idan majalisar dattawa ta yanka shi kunya-kunya ta raba wa membobin da ke zaman haya kafin ruwan Afrilu ya sauka, kuɗin saran ciyawar zai isa sayen fartanya da iri.