Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya?

Mai karatu, in kana cikin masu bibiyar tsofaffin finafinan Turawa, wataƙila ka taɓa kallon Modern Times na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1936. Akwai inda aka kawo wa mai masana'anta wata na'ura da za ta riƙa ba lebura abinci a baki yana kan aiki, don kada a yi asarar lokacin cin abinci. Aka gwada ta a kan Chaplin, ta sheƙa masa miya a jiki, ta tura masa notin ƙarfe a baki. Mai masana'anta ya ƙi saye, amma fa ba don tausayin lebura ba, sai don na'urar ta ƙi aiki.

Me ya kawo wannan zance? Da cutar korona ta ɓarke a 2020, miliyoyin ma'aikatan ofis a Amurka da Turai suka koma aiki daga gida. Sai kamfanoni suka dage da abin da suke kira shirin kula da lafiyar ma'aikaci: a biya maka kuɗin manhajar kwantar da hankali irin su Calm ko Headspace, a shirya motsa jiki ta bidiyo, a sa gasar ƙirga taku. Tambayar ita ce, wannan kulawa ce ta gaskiya, ko kuwa na'urar Chaplin ce ta canza riga?

Mu yi wa kamfani adalci tukuna. Mai aiki daga gida yana wuni zaune gaban kwamfuta shi kaɗai, ba abokin aikin da zai dubi fuskarsa ya ce, "Lafiya kuwa?" Duk wanda ya tuna da shi ya kyauta. Kuma ba laifi ba ne kamfani ya nemi riba da lafiyar ma'aikacinsa, ai don tuwon gobe ake wanke tukunya. Manomin da ke ƙosar da shanun hudarsa don amfanin kansa yake yi, amma shanun ma sun ƙoshi.

To amma tukunyar tana wankuwa kuwa? Tun kafin korona an gwada irin wannan shiri a kan ma'aikata kusan 5,000 na Jami'ar Ilinoi a Amurka. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna kuɗin asibitinsu bai ragu ba, kuma waɗanda suka yi rububin shiga shirin galibi dama su ne masu ƙoshin lafiya. A 2024 kuma William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya ga masu amfani da manhajojin nan da darussan jure wahala ba su fi sauran kwanciyar hankali ba.

Ba abin mamaki ba ne, domin an bar jaki ana dukan taiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar jiki. Mai aiki daga gida kuwa ofis ɗinsa na cikin ɗakin kwanansa, ba ƙofar da masinja zai kulle a ce an tashi. Ka aiko wa mutum aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da safe ka tura masa bidiyon yadda ake jan numfashi, haba! Abin da ya fi ciwo, laifin sai ya dawo kansa: an ba ka magani, in ka ci gaba da galabaita kai ne rago.

Saboda haka ni a ganina, ba da niyya za mu auna wannan kulawa ba, tunda ba mai shiga zuciyar wani. Mu auna ta da abin da mai gida ya yarda ya rasa. Manhaja araha ce. Ƙarin ma'aikata don a rage wa kowa nauyi, da hutun da ba a kiran mutum a waya, da albashin da ke kai ƙarshen wata, su ne masu taɓa aljihu. Faransa sai da ta sa doka a 2017 da ta ba ma'aikaci 'yancin kashe wayar aiki bayan an tashi. Fotugal a 2021 ta hana masu kamfani tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura, Ostareliya ma ta yi tata dokar a 2024. Ka ga kenan abin da ya fi amfani shi ne wanda sai da aka matsa kafin a bayar.

In an ba ka manhaja ka karɓa ka gode, ba ta cutarwa. Amma ka tambaya, ƙarfe nawa ake tashi? In kuwa kai ne mai gida, ko da mutum ɗaya ke yi maka aiki daga nesa, kafin ka tura saƙon nan na tsakar dare ka tuna shi ma yana da iyali, kuma barci yake ji kamar kai.