Ƙofa Ɗaya, Amsa Iri-iri

Wata rana na ga wata uwa tana shirya ɗanta ɗan shekara shida kafin ta aike shi sayen magi da gishiri. Maimakon ta miƙa masa kuɗi ta ce maza jeka, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ni ce mai shago, zo ka saya." Zuwan farko ta ba shi kaya. Na biyu ta ce ya ƙare. Na uku ta ce mutane sun yi yawa, ya dawo an jima. Na huɗu kuwa ta yi gum, kamar an garƙame shago. Yaro ya tsaya sororo, kuɗi a hannu. Nan ta gane inda karatu ya rage, ta ce, "In ka tarar da haka, ka juyo gida, kada ka yi ta tsayuwa a rana."

Irin wannan atisaye masu rubuta manhaja ke yi. Manhajar da ke wayarka kullum tana aika saƙo ga wata kwamfuta ta ƙofar da ake kira API. Ƙofar ɗaya ce, amma amsar takan bambanta: 200 na nufin an samu, 404 babu abin da aka nema, 429 an cika tambaya a ɗan dakata, 500 kuma matsala ce daga can. Wani lokacin shiru ne kawai har wa'adi ya cika.

Ba a zaman jiran kwamfutar gaske ta lalace kafin a ga yadda manhaja za ta yi. Sai a girka mata mai shago na bogi. A Python, harshen rubuta manhaja, kayan aikin unittest.mock na da side_effect: ka jera masa amsoshi, duk zuwa ya miƙa ta gaba. Ka sa 500 sau biyu sannan 200, ka ga ko manhajar za ta sake gwadawa, ko za ta daskare, ko kuma, mafi muni, ta ciri kuɗin mutum sau biyu.

Sai dai na bogi bai san komai ba sai abin da ka sa masa a baki. Lokaci-lokaci a leƙa shagon gaske, a ji ko ya sauya magana.

Wanda duk gwajinsa 200 ne, bai gwada komai ba. Ba kullum ake kwana a gado ba.