IRI KO RESHE? HUKUNCIN SHUKA WIWI A GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka:

Wani dare bayan karatun Magariba a nan Dala, wani saurayi ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Malam, wiwin da mutum ya shuka a tukunya a bayan ɗakinsa, bai saya ba bai sayar ba, ina laifinsa? Kuma wanda ya binne iri ai shi ya fara, wanda ya yanko reshe ya dasa kuwa tararwa ya yi. Hukuncinsu ɗaya ne?"

To, 'yan'uwa Musulmi, a wajen manomi akwai bambanci. Gero da dawa iri a ke shukawa, rogo da rake kuwa yanka a ke dasawa. Iri yakan fito dabam da uwarsa, amma reshe uwarsa ce sak, ba ragi ba ƙari. Wannan zancen noma ne. Ita Shari'a tambayarta guda: don me ka shuka?

Inabi halal ne, amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai dakonta, ko ba su kurɓa ba. To, ina ga mai shukawa, ya yi ban ruwa, ya tsinka, ya sha da kansa? Shi kaɗai ya haɗa aikin mutane da yawa. Kada wani ya ce ai Allah ne Ya halicce ta. Zaƙami ma Allah ne Ya halicce shi.

Malamai ba su bar mu cikin duhu ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya ɗauke ta mai sa maye kamar giya. Ƙarafi, Bamalike, ya sa ta cikin masu ɓata hankali. Sun saɓa a kan horon mai sha, amma ba su saɓa ba a kan haramcin gusar da hankali da ita.

Dokar ƙasa ma haka. A 1966 gwamnatin soja ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, daga baya aka sassauta, sa'an nan aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka binciken 2018 ya samu masu sha kimanin miliyan 10.6 a Nijeriya. Wanda ke shakkar ɓarnarta ya leƙa asibitin Dawanau.

Sa'an nan ka duba wannan, ya kai mai tukunya. Ɗanka ko ƙanenka da ke kallonka kana ban ruwa da asuba, shi ne reshen gaske. Abin da ya gani a jikinka shi zai ɗauka sak. Ran da ya kunna, da wane baki za ka hana shi?

Saboda haka ka tumɓuke ta yau, ka tuba. In hannunka na ƙaiƙayin shuka, ga zogale, iri yana yi, reshe yana yi. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tsare mana hankulanmu. Amin.